Ina Son In Zama Ƙwararren Tsaron Kwamfuta da Intanet, Daga Ina Zan Fara?

Wani matashi ya rubuto mini cewa ya kammala difloma a fannin kwamfuta, yana da tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka da yayansa ya bar masa, kuma ransa ya kwanta da aikin tsaron kwamfuta da intanet. Yana son ya san ainihin abin da masu wannan sana'a suke yi, ko dole sai ya yi digiri, wace takardar shaida ce ta cancanci kuɗinsa, kuma ko akwai abinci a cikinta. A ƙarshen saƙon ya ce abokansa suna matsa masa ya shiga asusun Facebook na wani, domin ya nuna musu cewa lallai ya fara iyawa.

Ƙanena, Allah ya yi maka jagora. Zan fara da gyara hoton da nake kyautata zaton yana zuciyarka, domin kusan duk wanda ya zo mini da wannan tambaya yana zuwa ne da tunanin wani saurayi a ɗaki mai duhu, yana buga madannai da sauri yana fasa na'urorin mutane. Aikin da muke yi ya fi kama da na tsohon mai gadin kasuwa, wanda ya san kowace rumfa da mai ita, ya san lokacin da ake buɗe kowace ƙofa da wanda yake riƙe da makullinta, har ta kai idan ya hango baƙuwar fuska a layin 'yan atamfa da ƙarfe biyun dare, jikinsa zai ba shi tun kafin a taɓa kwado. Abin da ya sa ake biyan irin wannan mutum abu biyu ne: ya san yadda wurin yake idan lafiya lau ake, kuma an yarda da shi har an damƙa masa makullai. Duk abin da zan faɗa maka a ƙasa a kan waɗannan abubuwa biyu yake tafiya.

Bari in nuna maka aikin da idonka. Wani kamfanin kasuwanci da ke shigo da kaya daga waje ya taɓa kirana bayan sun tura kuɗi masu yawa ga wanda suke sayen kaya a wurinsa, shi kuma ya rantse cewa ko sisi bai gani ba. Mai kamfanin ya riga ya fara zargin akantansa, mutumin da ya yi shekaru yana masa aiki. Na yi kwana biyu ba abin da nake yi sai karanta kundin shige da fice na akwatin imel ɗin akantan, layi bayan layi. A nan na ga an shiga akwatin daga wata ƙasa da ƙarfe uku da 'yan mintuna na dare, makonni kafin a yi asarar, kwana ɗaya bayan akantan ya latsa wani saƙo da ya ce akwatinsa ya cika, ya sake shigar da kalmar sirrinsa. Wanda ya shiga bai taɓa komai ba a ranar. Ya dai kafa wani umarni a ɓoye, cewa duk saƙon da ya ƙunshi maganar biyan kuɗi a tura masa kwafi, sannan ya zauna yana karatu yana koyon yadda ɓangarorin biyu suke gaisawa da yadda suke rubuta takardunsu. Da lokacin biya ya zo, sai ya aiko da takarda daga wani adireshi da ya bambanta da na gaskiya da harafi ɗaya tak, yana cewa an sauya asusun banki. Ranar da na ɗora adireshin gaskiya da na bogi gefe da gefe a gaban mai kamfanin, ya daɗe yana kallo kafin ya gano harafin. Kuɗin ba su dawo duka ba, amma mutuncin akantan ya dawo, kuma ban taɓa mantawa da yadda ya riƙe hannuna da hannu biyu ba.

Irin wannan damfara ba ƙananan kamfanoni kaɗai take ci ba. Ta wannan hanyar ce Obinwanne Okeke, wanda mujallar Forbes ta Afirka ta taɓa sakawa cikin fitattun matasan 'yan kasuwa, ya yi sanadin asarar kimanin dala miliyan 11 ga kamfanin Unatrac, bayan an yaudari babban jami'in kuɗinsu da saƙon tarko, kuma wata kotun Amurka ta ɗaure shi shekara 10 a watan Fabrairun 2021. Idan ka bi manyan hare-haren da suka girgiza duniya, za ka tarar sau da yawa sakaci ne ya buɗe ƙofa. A watan Mayun 2017 manhajar garkuwa da bayanai mai suna WannaCry ta kulle kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kimanin 150, har asibitoci a Ingila suka riƙa soke ganin marasa lafiya, alhali tun watan Maris na shekarar kamfanin Microsoft ya fitar da facin da ke toshe kafar. Waɗanda abin ya ci su ne waɗanda ba su saka facin ba. A watan Mayun 2021 kuma aka dakatar da bututun man Colonial, wanda gabashin Amurka ya dogara da shi, bayan an yi masa kutse, kamfanin ya biya fansar kimanin dala miliyan 4.4, kuma ta wani tsohon asusu aka shiga, mai kalmar sirri kawai ba tare da matakin tantancewa na biyu ba, wato ƙarin shaida kamar lambar da ake turowa wayar mai asusu. Hausawa sun riga sun faɗa, sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Kaso mafi girma na aikinmu zagaya bango ne ana neman tsaga, a rubuta, a bi masu alhakin liƙewa har su liƙe.

Sana'ar tana da rassa, kuma yana da kyau ka san su tun yanzu domin kada ka ɗauka ƙofa ɗaya ce. Mafi yawan sababbin shiga suna farawa ne a ɗakin sa ido, inda ake zama bi da bi dare da rana ana duba gargaɗin da na'urori suke fitarwa, ana tace na gaske daga na banza. Akwai masu kai ɗauki idan an riga an yi kutse, da masu binciken ƙwaƙwaf da ke tono shaida daga waya ko kwamfuta ta yadda kotu za ta karɓa, irin waɗanda hukumar EFCC da rundunar 'yan sanda suke buƙata. Akwai masu gwajin kutse da izini, waɗanda kamfani yake ɗauka su gwada fasa shi domin ya ga rauninsa kafin ɓarawo ya gani. Wannan shi ne reshen da matasa suka fi sha'awa, amma guraben aikinsa sun fi kaɗan. Sannan akwai reshen da ba a cika ambato ba alhali yana ɗaukar mutane da yawa, wato na tsara ƙa'idoji, auna haɗari da tabbatar da cewa ma'aikata tana bin doka da ma'aunai irin su ISO 27001. Na ga lauyoyi da akantoci da suka shigo ta nan suka yi nisa.

Ko wane reshe ka zaɓa, tushen ɗaya ne, kuma a nan nake so ka daɗe. Ba za ka iya gadin gidan da ba ka san yadda aka gina shi ba. Kafin ka taɓa kowace manhajar kutse, ka san yadda kwamfutoci suke magana da juna. Ka sauke Wireshark, manhajar da ke nuna bayanan da ke shiga da fita daga kwamfuta, wadda kyauta ce, ka kunna ta a kan kwamfutarka, sannan ka buɗe shafi guda a intanet ka koma ka duba abin da ya wuce. Za ka ga kwamfutarka ta fara tambayar adireshin lambobi na shafin, an ba ta amsa, sannan ta yi musabaha mai mataki uku da uwar garken da ke ɗauke da shafin, sannan suka daidaita yadda za su kulle zancensu ta ƙofa mai lamba 443. Ranar da ka iya bayyana wa wani kowane layi a cikin wannan zance da bakinka, ba tare da duba littafi ba, ka wuce da yawa daga cikin masu yawo da takardun shaida. Bayan haka ka koyi Linux, wato tsarin gudanar da kwamfuta kamar Windows, har baƙin allon umarni ya daina ba ka tsoro, ka koyi yadda ake gudanar da Windows a ma'aikata mai ɗaruruwan ma'aikata, wa yake da ikon me kuma a ina ake rubuta abin da kowa ya yi, sannan ka iya rubuta 'yan ƙananan umarni da harshen kwamfuta na Python domin su ɗauke maka aikin da ake maimaitawa. Wannan zai ci maka watanni, wataƙila shekara guda idan kana haɗawa da neman na abinci, kuma ba na ba ka shawarar ka gajarta shi.

Tsohuwar kwamfutar da yayanka ya bar maka ta isa ka fara. Idan kana da 'yan kuɗi, ƙara mata ƙwaƙwalwar aiki ta kai gigabayit 8 ko fiye ya fi maka amfani a kan sayen kowane kwas. Ka saka VirtualBox, manhajar da ke ba ka damar kunna wasu kwamfutocin a cikin taka, ka gina kwamfutoci biyu na gwaji a cikinta, ɗaya Kali Linux mai ɗauke da kayan gwajin kutse, ɗaya kuma irin waɗanda aka ƙera da rauni da gangan domin ɗalibai, kamar Metasploitable. Ka kai hari daga wannan zuwa waccan, sannan ka koma ɓangaren da aka kai wa harin ka nemi sawun da ka bari. Wannan komawar ita ce darasin, kuma ita ce mafi yawan ɗalibai suke tsallakewa. Wani alherin wannan tsari shi ne, da zarar ka sauke kayan, ba ya cin data. Idan ka samu data kuma, makarantar PortSwigger ta koyon tsaron shafukan intanet kyauta ce gaba ɗaya, TryHackMe yana da darussa da yawa na kyauta, haka ma makarantar sadarwa ta Cisco. Shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a ƙarshen 2023 ma ya saka tsaron intanet cikin fannonin da yake koyarwa.

Game da digiri, amsata ita ce idan kana da hali ka yi. A Najeriya bankuna da hukumomin gwamnati suna fara tace masu neman aiki ne da digiri ko babbar difloma da takardar bautar ƙasa, kafin ma wani ya tambaye ka abin da ka iya. Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Minna tana cikin waɗanda suka fara buɗe sashen tsaron intanet, kuma Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Tarayya ta Dutse duk suna ba da digiri a fannin. Sai dai ba lallai ne sunan digirin ya zama tsaron intanet ba. Wanda ya karanta kimiyyar kwamfuta ko injiniyan lantarki da sadarwa ya samu tushe mai kyau. Takardar tana shigar da kai ɗakin ganawa ne kawai, abin da hannunka ya iya shi zai sa a ce ka dawo ranar Litinin.

Takardun shaida na ƙwararru kuwa da dala ake biyansu, don haka kada ka yi gaggawa. Ga mai farawa, Security+ ta CompTIA ta wadatar, kuma idan ka ga zuciyarka ta fi karkata ga sadarwa, CCNA ta Cisco ba za ta taɓa zama asara ba. CEH ta yi suna a tallace-tallacen aiki a ƙasar nan, amma a ganina tsadarta ta fi abin da take koyarwa, kuma ba zan so ka sayar da wani abu naka domin ita ba. OSCP ita ce wadda masu gwajin kutse suke girmamawa, domin jarrabawarta ta aiki ce: ana ba ka kusan awa 24 ka shiga na'urorin da aka tanada, sannan a ba ka wasu awa 24 ka rubuta rahoto. CISSP kuwa sai mutum ya yi shekara biyar yana aiki a fannin kafin a ba shi cikakkiyar shaidarta, don haka ka ajiye ta a gaba. Ka lura da maganar rahoton nan. Duk gwanintar da ka nuna a cikin na'ura, abin da shugaban ma'aikata zai gani shi ne takardar da ka rubuta, kuma idan ba ka iya gaya masa cikin sauƙi abin da zai yi asara da abin da gyaran zai ci ba, zai ajiye ta a aljihun tebur. Ka gyara Turancinka na rubutu kamar yadda kake gyara iliminka na kwamfuta.

Yanzu ga maganar abokanka, wadda ita ce ta fi damuna a duk saƙonka. Kada ka yi. Kayan aikin mai gwajin kutse da na ɓarawo iri ɗaya ne, abin da ya raba su shi ne takardar izini da mai dukiya ya sa wa hannu, wadda ta fayyace na'urorin da za a taɓa, da ranakun da za a yi, da iyakar da ba za a ƙetare ba. Ni ko kamfanin da nake wa aiki ne ya ce in gwada wani abu, ba na farawa sai na ga rubutu. Dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015, wadda aka yi wa kwaskwarima a 2024, ta tanadi ɗauri da tara ga masu kutse da masu satar bayanan shiga asusun mutane, kuma cewa wasa ne ko gwaji ne ba ya zama kariya. Ko an bar maganar kotu, leƙen asirin mutum ba da saninsa ba abu ne da addininmu da tarbiyyarmu suka hana, kuma a cikin asusun nan akwai saƙonnin matarsa ko ƙanwarsa da ba su yi maka laifin komai ba.

Akwai labarin da nake so ka riƙe. Wanda ya dakatar da yaɗuwar WannaCry wani matashi ne ɗan Ingila mai shekara 22, Marcus Hutchins, wanda ya tono wani adireshin intanet a cikin manhajar, ya yi masa rajista da kuɗin da bai kai dala 11 ba, sai ga shi ashe wannan ne makunnin kashe ta. Duniya ta yi ta yabonsa. Bayan wata uku, a watan Agustan 2017, hukumar binciken laifuka ta Amurka, FBI, ta kama shi a birnin Las Vegas saboda wata manhajar satar bayanan banki da ya taimaka aka rubuta shekaru kafin nan, lokacin yana da ƙuruciya. Ya amsa laifi a 2019, kuma alƙali ya sassauta masa bai mayar da shi kurkuku ba, amma ya yi kusan shekara biyu yana fama da shari'a a ƙasar da ba tasa ba. Intanet ba ta mantuwa, kuma sana'ar da kake nema tana binciken tarihin mutum kafin a ɗauke shi, domin wanda aka ɗauka zai iya karanta imel ɗin shugaba, ya ga albashin kowa, ya ga asusun abokan ciniki. Idan kana son ka gwada kanka a kan na'urorin gaske, akwai dandamali irin su HackerOne da Bugcrowd, inda kamfanoni da kansu suke gayyatar mutane su nemo musu rauni bisa sharuɗɗan da suka rubuta, har su biya lada.

Shin akwai abinci? Akwai, kuma doka ce ta ƙara buɗe kasuwar. Tun 2018 Babban Bankin Najeriya ya wajabta wa bankuna da kamfanonin biyan kuɗi su naɗa babban jami'in tsaron bayanai kuma su bi tsari na musamman. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta kafa hukumar NDPC, ta tilasta wa manyan masu riƙe da bayanan mutane su naɗa jami'in kare bayanai, kuma su sanar da hukumar cikin awa 72 idan an yi musu kutsen da zai iya cutar da masu bayanan. Duk wannan yana buƙatar mutane. Amma zan gaya maka gaskiya: yawancin guraben suna Legas da Abuja, kuma da wuya a ɗauki wanda bai taɓa aiki ba a ba shi tsaro kai tsaye. Hanyar da na fi gani tana kaiwa ita ce mutum ya fara da aikin taimaka wa ma'aikata idan kwamfutarsu ta samu matsala, ko ja da haɗa wayoyin sadarwa, ko kula da uwar garke, ya yi shekara ɗaya ko biyu yana ganin yadda abubuwa suke lalacewa, sannan ya tsallaka. Albashin farko ba zai burge ka ba, sai ka yi 'yan shekaru an san aikinka yake tashi sosai. Aikin kamfanonin waje da ake yi daga gida a biya da dala gaskiya ne, sai dai masu gogewa suke samu. Ka kuma shirya wa wahalarsa: kwanan zaune, kiran waya ranar Sallah, da karatun da ba ya ƙarewa, domin abin da ka sani bana zai tsufa nan da shekara biyu.

Akwai wata dama da kake da ita wadda ban so ka raina, ita ce Hausar da ke bakinka. 'Yan damfara sun riga sun koma yi da Hausa. Suna kiran dattijo su yi masa sallama cikin ladabi, su ce daga banki ne, za a rufe BVN ɗinsa idan bai karanto lambobin da ke jikin katinsa ba. Suna kiran mace su ce an saka ta a taron ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, ta karanto lambobi shida da aka turo mata domin a ba ta gurbi, alhali lambobin mallakar WhatsApp ɗinta ne. Kafin magariba an bi duk 'yan'uwanta ana roƙon kuɗi da sunanta. Masu sana'ar POS suna fama da alat na bogi, 'yan kasuwa suna fama da masu sace layin waya su kwashe asusu. Mutanen da wannan yake ci ba sa karanta gargaɗin da banki yake turowa da Turanci, kuma waɗanda suka haɗa ilimin fannin da iya bayani da Hausa mai daɗin ji ba su da yawa.

Don haka ga abin da nake so ka yi a wannan mako. Ka kunna matakin tantancewa na biyu a imel ɗinka da Facebook da WhatsApp, sannan ka zauna da mahaifiyarka da ƙannenka ka kunna musu nasu, ka sa wa layukansu lambar sirri, ka gaya musu cewa banki ba ya kiran mutum ya tambayi lambar sirrin katinsa ko lambar da aka turo masa. Ka sayi littafin rubutu mai kauri, ka riƙa rubuta duk abin da ka gwada a kwamfutocinka na gwaji, da kwanan wata, da abin da ya yi da wanda ya ƙi, domin shi za ka nuna ranar da aka tambaye ka gogewa. Su kuma abokan naka, idan sun sake tayar da maganar, ka ce su miƙo wayoyinsu da yardarsu, ka buɗe musu wurin da Facebook yake jera duk na'urorin da suke cikin asusunsu a halin yanzu, ku duba tare ko akwai wadda ba su sani ba. Bayan wata uku ka rubuto mini abin da ka gani a Wireshark, daga nan sai mu yi maganar reshen da ya dace da kai.